Dutse da teku a hutu ɗaya: ina mutumin Tawa zai kai iyalinsa?

Wani malamin lakwal daga Tawa ya aiko mini da tambaya. Ya ce shekara uku yana zubin adashe don ya fita da iyalinsa a babban hutu. Uwargida teku take son gani, tunda ba ta taɓa ganinsa ba sai a waya. Shi kuma duwatsu yake so da wuri mai sanyi inda zai huta da ƙurar alli. Yaransa uku ba abin da suke ambato sai dabbobi. Kwana goma sha biyu gare shi, cikin watan Agusta. Ina zai dosa?

Mushe, barka da ƙoƙari. Yawancinmu biki ko rasuwa kaɗai ke fitar da mu daga gari, don haka mutumin da ya tara kuɗi don ya nuna wa matarsa teku ya cancanci a zauna a amsa masa da kyau. Ni shekarun ƙuruciyata a bayan sitiyari na yi su, ina jan baƙi tsakanin Agadas da duwatsun Abzin, har tawayen 2007 ya sa jiragen da ke kawo ƴan yawon buɗe ido daga Faransa suka daina sauka. Daga nan na dawo Yamai, na koma shirya wa mutanenmu tafiyar kudu: ƴan kasuwa, ɗalibai, ango da amarya. Daga wannan na san abin da zan gaya maka.

Amsata a taƙaice: a Agusta ka yi kudu, ka bi ta Benin ka ƙare a Togo. Can ne teku da dutse suke kusa da juna, kilomita 120 kacal tsakanin Lome da Kpalime. Abzin ka bar shi sai lokacin ɗari. Na san ranka ya fi karkata can, don daga Tawa ya fi kusa kuma ƙasarka ce, amma taura biyu ba ta taunuwa, kuma watan da aka ba ka hutu shi ya riga ya yi maka zaɓi.

Ga dalili. Agusta tsakiyar damina ce a Abzin. Ruwan ba shi da yawa, amma a kan dutse yake sauka, babu ƙasar da za ta shanye shi, sai ya gangaro cikin ƙoramu gaba ɗaya. Kana tsaye cikin rairayi busasshe, sama garau a kanka, sai ka ji ruri daga nesa, kafin ka ankara ƙorama ta cika ta kawo itatuwa. Hanyoyin cikin duwatsun kuwa mafi yawansu ta cikin ƙoramun nan suka bi. Na taɓa kwana biyu a bakin wata ina jiran ta janye, da baƙi huɗu da buhun shinkafa ɗaya. Da yara ƙanana ba na yi maka fatan haka. Bakin teku kuwa damina biyu gare shi: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba. Agusta ta faɗo a tsakaninsu. Ruwa ya yi sauƙi, sama a lumshe, iska mai sanyi na tasowa daga teku, kuma shi ne lokacin da mutumin Sahel ya fi jure wurin. Wanda ya je Kwatano a Maris ya san zafin can: ba ya ƙona fata kamar namu, amma zufa ba ta bushewa, riga sai ta manne maka a baya tun da hantsi.

Abin da ya fi komai wuya a tafiyar nan hanya ce, don haka da ita zan fara kafin in kai ka bakin ruwa. Daga Tawa ba sai ka shigo Yamai ba. Kwanni, Dogon Dutsi, Doso, sai ka karya kudu zuwa Gaya. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil ta daina aiki yadda muka saba. Benin ta buɗe nata gefen, namu ya zauna a rufe, mutane suka koma tsallakewa ta ruwa: kar ya sauke ku a Gaya, ku haye gulbi da jirgi, wani kar ya ɗauke ku a Malanbil. Irin wannan lamari yakan canja cikin mako ɗaya, saboda haka kafin ka yanki tikiti ka je tasha da ƙafarka ka sami direban da ya dawo jiya, ka tambaye shi. Mai sayar da tikiti kullum cewa zai yi hanya lafiya lau. Idan har tsallakewar ruwa ce, ka tuna a Agusta gulbi ya kawo. Kada ku shiga jirgin da aka laftawa buhuna da babura, kada ku haye bayan la'asar sakaliya, kuma ka biya na jirgin da ke da rigar ruwa ko da ya fi tsada. Ka riƙe ƙaramin yaron a jikinka.

Daga Malanbil zuwa Kwatano ya haura kilomita 700, ta Kandi da Paraku. Arewacin Benin, musamman gefen gandun dajin W da Panjari, ya sha hare-hare a shekarun nan, don haka ku ratsa shi da rana, a kan babbar kwalta, ba tare da ratsewa kallon komai ba. Shawarata ku kwana a Paraku. Masu kar suna iya zarcewa dare da rana, amma yara in sun yi awa ashirin a kujera, kwana biyun farko na hutun a jinya za su tafi. Hanyar Burkina ta Torodi da Kancari da Fada, wadda da muke bi mu faɗa Togo ta arewa, ka cire ta daga lissafi gaba ɗaya. Manyan motocin kaya ma sai da rakiyar soja suke ratsa Burkina yanzu. Wanda aljihunsa ya kai, akwai jirgin sama daga Yamai zuwa Lome, kamfanin ASKY can ne cibiyarsa, amma kujera biyar za ta cinye adashen mushe tun kafin a ga ruwa.

Takardu: Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a ranar 29 ga Janairun 2025 tare da Mali da Burkina, amma ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa na mutanenmu har zuwa wani lokaci. Ka tabbata naka da na uwargida ba su mutu ba, ka ɗauki takardun haihuwar yara, sannan kowa da katinsa na rigakafin shawara, ruwan ɗorawar nan. Shi ne aka fi tsayar da mutane a kansa a iyaka, kuma allurar sai ta yi kwana goma kafin a amince da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗi kuwa an huta: sefa ɗaya ce a Nijar da Benin da Togo. Kada ka ɗaure komai a lalita. Ka raba, wani a jikinka, wani a jikin uwargida, saura ka bar wa ɗan'uwa ya riƙa aiko maka.

Bayan Paraku ƙasa za ta fara canja maka. Gawo da aduwa su ɓace, kwakwar manja da rogo su karɓe. A Dasa za ku ga duwatsu sun kewaye gari, mutanen wurin suna ce masa garin tuddai 41. In akwai hali ku tsaya Abome rabin yini, fadar sarakunan Dahome, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1985. A nan za a ba yara labarin matan da suka yi wa sarki soja, sannan in kun isa Kwatano su ga mutum-mutumin da aka kafa don tunawa da su a 2022, tsayinsa mita 30.

Kwatano gari ne na hayaƙi da ƙarar babura, ba wurin hutu ba ne, kwana biyu ya ishe ku. Ku sauka kusa da Zango, inda za ka ji Hausa da Zabarmanci ko'ina, ga masallaci, ga mahautanmu. Kabu-kabun can zemijan suke ce musu, masu rawayar riga, amma da iyali ka ɗauki taksi. Uwargida ba za ta yafe maka ba in ba ka kai ta kasuwa ba. Yara kuma ka kai su Ganbiye: daga Abome-Kalabi ake shiga jirgi a ratsa tafkin Nokuwe zuwa garin da aka gina kacokan a kan ruwa, gidaje bisa turaku, kasuwa cikin kwale-kwale, yaro ɗan shekara shida yana tuƙa nasa jirgin zuwa lakwal. Kakanninsu gudun masu kamun bayi na Dahome ne ya kai su cikin ruwan. Ka yi ciniki da mai jirgi a gama tun a tudu, kuma kada a ɗauki hoton mutum sai an tambaye shi. Sun gaji da masu ɗaga musu waya a fuska.

Yanzu teku, kuma a nan ina so ka karanta wa uwargida da babbar murya. Tekun da ke gaban Benin da Togo na kallo ne. Ba gulbi ba ne, ba tafkin Tabalak ba ne. Gaɓar tana da gangare, taki uku ka yi ruwa ya wuce kanka, kuma igiyar ruwan tana fashewa ne daf da tudu da ƙarfin da zai kayar da ƙato. Abin da ya fi kashe mutane shi ne komawar ruwan. Duk ruwan da igiya ta turo tudu sai ya koma, kuma yakan tattaru ya koma ta wata siririyar hanya da gudu. Wurin nan a ido shi ya fi kwanciya, babu kumfa, babu tashin igiya, shi ya sa baƙo ke zaɓarsa. Na taɓa kai wasu samari bakin ruwa a Fijirose, cikinsu akwai wani ɗan Gamkalle wanda a bakin gulbi ya tashi, yana ninƙaya tun yana ɗan mitsitsi. Na hana, ya yi mini dariya. Minti biyu bai cika ba sai ga kansa can nesa kamar ƙwallon goruba, yana dukan ruwa yana son dawowa, ruwa na ƙara tafiya da shi. Masunta ne suka tura jirgi suka ciro shi, ya sha gishiri har ya fita hayyacinsa. Wanda ruwan ya ja, ba a kokawa da shi a ce sai an dawo ta inda aka shiga. Gefe ake yi, a bi tsawon gaɓa har a fita daga hanyarsa. Amma ku wannan bai ma taso ba. Ku tsaya inda kumfa ke lasar idon sawu, hannun yaro cikin naka, fuskarku na kallon teku, don igiyar da ke kwashe mutum takan zo ne lokacin da ya juya baya yana gyara tsayuwar hoto. A Agusta ma tekun ya fi fushi. In yara sun matsa sai sun yi wanka, a nemi otel mai wurin wanka, ko a bari sai an je tafkin Togo.

Kilomita 40 yamma da Kwatano sai Wida. Mutane suna zuwa don ɗakin mesa, inda ake rataya wa baƙo maciji a wuya a ɗauke shi hoto. Yaranka za su so, ni dai daga ƙofa nake tsayawa. Abin da ke mayar da ni Wida shi ne hanyar bayi, wajen kilomita 4 daga tsakiyar gari zuwa bakin teku, inda aka gina Ƙofar Ba Dawowa a 1995. Ka taka ta da ƙafa in rana ta yi sanyi. Kai malami ne, ka san abin da za ka gaya wa yara, amma ga abin da ba a cika faɗa a lakwal ɗinmu ba: cikin waɗanda aka ɗora a jirage daga wannan gaɓa zuwa Brazil akwai Hausawa da yawa, waɗanda yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa suka jefa hannun dillalai. A birnin Salbado na jihar Bahiya, bayi Musulmi, Yarabawa da Hausawa, sun yi bore a Janairun 1835, cikin azumi, kuma an sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Duk lokacin da na tsaya a ƙofar nan sai in tuna cewa wani da ke jin harshen da nake ji ya tsaya a nan, shi ma ranar ce ya fara ganin teku. Garin cibiyar addinin gargajiya na bodun ne, suna babban bikinsu cikin watan Janairu. Za ka ga abubuwan da ba su yi maka ba a bakin hanya da ƙofar gidaje. Ka wuce abinka, ka kuma ja wa yara kunne kada su nuna da yatsa ko su taɓa.

Hutun gaskiya a Gran Popo yake, kusa da iyakar Togo. Ba abin da ake yi a can, kuma shi ne amfaninsa. Rairayi, inuwar kwakwa, ƙananan masaukai a bakin ruwa. Ku tashi bayan asuba ku ga masunta sun yi layi suna jan koma daga teku da waƙa, aikin da ke cin awoyi, mata na jira da kwanoni. Nan za ka sayi kifin da ko awa ɗaya bai yi a tudu ba. Rana ɗaya ku ɗauki jirgi a kogin Mono zuwa inda yake shiga teku. Kwana biyu ko uku a nan, kada ka rage su don ƙara wani gari. Kuskuren da mutanenmu suka fi yi ke nan: sai a cika kwanaki da tasha da tasha, a dawo gida an fi gajiya da ranar tashi.

Daga Gran Popo sai iyaka a Hilakonji, sai Aneho, inda za ka ga yadda teku ke cin gari har an jera manyan duwatsu don tare shi. Kusa da nan tafkin Togo yake, ruwa kwance, a nan ne yara za su jiƙa jiki da ido a kansu. A hayinsa akwai Togobil, garin da ya ba ƙasar sunanta bayan yarjejeniyar 1884 da Jamusawa. Lome ta fi Kwatano natsuwa, titin bakin teku ya miƙe da kwakwa har iyakar Gana, wadda take a cikin gari. Babbar kasuwarta ita ce gidan atamfa tun zamanin matan da ake kira Nana Benz. Ka ware wa uwargida kuɗin turmi biyu tun daga Tawa, ka ce ni na ce.

Sai naka rabon. Daga Lome awa biyu zuwa uku a mota ka isa Kpalime. Tun kafin ka shiga gari za ka hangi dutsen Agu a dama, mita 986, wanda aka fi ɗauka a matsayin mafi tsawo a Togo. Kada lambar ta rena maka shi. Mu da muka saba da duwatsun Adar, jajaye, tsirara, sai ƴar ƙaya nan da can, abin da zai ba ka mamaki shi ne dutse sanye da daji tun daga gindi har ƙoli, hazo na yawo a tsakiyarsa da safe, ƙauyuka manne a jikinsa. Mota na hawa har kusa da ƙoli, don haka uwargida da yara ba su da uzuri. Mai son ƙafa kuma sai ya ɗauki ɗan jagora ya bi ta cikin ƙauyukan. A rana mai haske ana hango tafkin Bolta na Gana daga tuddan yankin.

Ni dai na fi son gefen Kloto. Hanya ce mai lanƙwasa da ta hau ta Misahohe, tsohon mazaunin Jamusawa, inda kaburburansu suke har yanzu, ta wuce kusa da wani gidan dutse mai kama da fada da wani lauya Bafaranshe mai suna Viale ya gina a shekarun 1940, ta kai ƙauyen Kuma-Konda. A can akwai samarin da sana'arsu ke nan shiga daji da baƙi. Za su nuna maka malam-buɗe-littafi iri-iri, ganyen da ake murzawa ya ba da jan launi, koko a jikin itacensa, kofi, abarba a gindinta. Ka ce su nuna maka itacen goro. Na sha kai dattawa wurin, mutumin da ya yi shekara hamsin yana cin goro, kakansa ma wataƙila falke ne da ya yi Gwanja da jakuna, amma bai taɓa ganin uwar ba. Wani alhaji daga Madawa da aka fasa masa kwanson a gabansa, ya ga ƴaƴan kwance a jere cikin farar riga, shiru ya yi, can sai ya ce a ba shi ɗaya ya kai wa tsohuwarsa.

Agusta kuma lokacin magangarun ruwa ne. Na Wome sai an sauka matakala masu yawa cikin kurmi, a ƙasa akwai ɗan tafki mai sanyi inda ake wanka. Sauka ba wuya, hawowa ce ke tuna wa mutum shekarunsa. Na Kpime ya fi sauƙin isa, kuma da rani yakan ƙafe saboda madatsar da ke samansa, amma ku a kan kari za ku je. Ku sa takalmi mai kama ƙasa, silifa ba ta hawa dutse mai gansakuka. A nan ruwan sama bai ɗauke ɗif kamar bakin teku ba, don haka ku fita da safe ku dawo kafin la'asar. Da dare za ka nemi abin rufa, a watan da Tawa ke fama da zufa da sauro. Sauron ma akwai shi a can, da ƙwazonsa. Ku tafi da gidan sauronku, kuma yaro in ya yi zazzaɓi, ko a can ko bayan an dawo, a kai shi awo ranar, ba a jira. In kwanakinka sun kai, ka sa Asabar ta same ku a Kpalime don kasuwa: ayaba, abarba, fiya, da masaƙa masu saƙar kente. Kwana uku za ka ba wurin. Gana na nan bayan dutsen, da magangarar Wli wadda ta fi duk waɗannan tsawo, amma wata iyaka ce, wani kuɗi, wani harshe. Ka bar ta sai wata shekara.

Maganar ci: a kudu ana cin alade, ana kuma cin naman daji, don haka nama ka saye shi wurin mutanenmu, ba garin da za ka rasa mai tsire Bahaushe ko Bazabarme. In ba haka ba ka tsaya a kifi. Sakwarar doya ta Kpalime da miyar gyaɗa ba ta da na biyu. Ƙaguwa da jatan lande a ɗanɗana kaɗan tukuna, cikin da bai saba ba yakan yi gardama. Ruwan sha na kwalba ko na leda.

Saura yara da dabbobinsu. Gaskiya kudu ba za ta ba su giwa da zaki ba, tunda gandun W da Panjari ba wurin kai iyali ba ne a yanzu. A dawowa in ka biyo ta Yamai, ka ba su yini ɗaya a gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959: ga zaki, ga dorina, ga kura, ga ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da da aka tono a yankin Agadas, ga kuma gawar Itacen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai a hamada har wani direba ya banke shi a 1973. Raƙuman dawa na Kure kuwa, kilomita 60 daga Yamai a kan hanyar Doso, su ne na ƙarshe irinsu a duk Afirka ta Yamma. A 1996 saura 49 suka rage, aka tsare su har suka haura 600. Da damina suna hawowa fako kusa da kwalta, wani lokaci daga tagar kar ma ana hango su, don haka ka zaunar da yara ta taga. Shiga dajin kuwa, tun harin 9 ga Agustan 2020 da aka kashe mutum takwas a wurin, sai da izini da ɗan jagora na ƙungiyar wurin; ka tambayi jandarma kafin ka sauka daga kwalta.

Abzin kuwa bashi ne a kanka, ka biya shi a hutun Disamba, kai da uwargida ko kai da abokai. Daga Tawa wajen kilomita 400 ne ta Tabalak da Abalak, a kan hanyar da aka yi don yuraniyom ɗin Arlit, wadda ta sha wuya. Agadas kanta ta isa tafiya: Hausa ake yi a kasuwa, tsohon garin ya shiga jerin UNESCO a 2013, ga hasumiyar masallacin da aka fara ginawa a 1515 aka sabunta a 1844, mita 27 ta laka zalla, matakalarta na ƙara matsewa har sai ka karkata kafaɗa kafin ka fito sama. Timiya tana sama da kilomita 200 cikin duwatsu, yini guda a mota mai ƙafa huɗu. Ka yi ta ratsa baƙin dutse kamar an ƙona duniya, sai kwatsam ga kore: lemu, rumman, dabino, raƙumi na jan guga daga rijiya yana shayar da fadama, ga ruwa na zubowa daga dutse cikin tafki. Disamba lokacin lemunsu ne. A kudu da Timiya kuma Bagzan, inda ƙololuwar Nijar take, Idukal-n-Tages, mita 2022, fiye da ninki biyu na Agu. Da ƙafa da jakuna muke hawa daga gefen Tabelot, kuma da dare ruwan buta kan yi ƙanƙara. Sai dai tun da aka sami zinariya a Jado a 2014 motoci da makamai suka yawaita a arewa, ƴan fashi ma haka. Ba a shiga duwatsun da mota ɗaya, ba a shiga ba tare da ɗan ƙasa da hukuma ta sani ba, kuma ranar da mutanen Agadas suka ce a dakata, a dakata. Ka fara tambaya tun Oktoba, ka kuma sayi bargo biyu a kasuwar Tawa, don na masaukin Timiya ba ya isa.